HANNUN DA BAI KAI KUNNE BA

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako shafin nan yau ba za ta biyo ni makaranta ta zauna min a aji. Bismillah, benci akwai, amma ki taho da fensirinki. Jarrabawar yara nake dubawa, shi ya sa kuka ji ni shiru.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni malama ce a firamaren unguwarmu, inda mahaifiyata ta yi karatu, ta koyar, ta shugabanta har ta yi ritaya. An yi mana sabon gini na azuzuwan 'yan mata. Kwamitin iyaye, wanda Kawuna yake shugabanta, ya yanke a rubuta sunan marigayi kakanmu a goshin ginin, don shi aka sani da fara kai 'yarsa makaranta a zamanin da ba a kai mata. Aka ce Mama ta yi jawabi ranar buɗewa. Mama ta ce ba za ta yi ba, ta kuma ƙi faɗin dalili. Nan muka tsaya.

*

Kawu bai gama sallama ba ya ɗaga labule.

Ina zaune a ƙasa, takardun yara baje a gabana. Mama tana kan kujerarta tana goge tabarau da bakin mayafi.

"Auta, me nake ji?"

Ku ji fa. Mace mai jikoki, wadda rabin matan garin nan suke rusuna mata suna cewa Malama Babba, amma a bakin Kawu har gobe Auta ce.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga wuri."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ya zauna. Haka Kawu yake.

"An ce kin ce ba za ki yi jawabi ba."

"Na faɗa."

"A kan mahaifinki."

"A kan mahaifina."

Na fara tattara takarduna a hankali, wai ni mai kunya zan ba su wuri. A gaskiya jan lokaci nake yi, don ko da sanda ba mai fitar da ni daga falon nan.

Kawu ya gyara hula. "Mutumin da aka daina amsa masa gaisuwa a kasuwa saboda ke. Mutumin da ya ɗora ki a bayan keke, da akwatinki a kansa, ya kai ki tasha ranar da za ki kwalejin malamai. Ya dawo gida yana share ido yana cewa ƙura ce. Ko ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba, Yaya."

"To mene ne?"

"Duk wannan zan iya faɗa, in ƙara da wanda ba ka sani ba. Amma ba zan tsaya gaban yara in ce musu Baba ya kai ni makaranta don in yi karatu ba."

"To don me ya kai ki? Don ki yi rawa?"

Mama ta mayar da tabaranta. Ta dube shi irin kallon da take yi wa ɗalibar da ta zo a makare.

"Don a koro ni."

Takardun da na tattara suka zube. Ba wanda ya ko kalle ni.

"Auta, ki san abin da kike faɗa."

"Kai kana makarantar kwana a lokacin, ba ka nan. Ka tuna yadda ake ɗaukar yara a zamaninmu?"

"Wa zai manta? Hannu a kunne."

Ga 'yan yanzu da ba su sani ba, a da ba ruwan kowa da takardar haihuwa. Malami zai ce yaro ya ɗora hannunsa ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga aji. In bai kamo ba, a koma gida sai baɗi. Na san wasunku yanzu haka kun ajiye waya kuna gwadawa.

Mama ta ce, "Shekarar nan hukuma ta aiko, duk gidan da yake da 'ya'ya mata a kawo guda. Iyayenmu maza suka taru a shagon mai aski. Wannan ya ce in yarinya ta iya rubutu ta fi ƙarfin uwarta. Wancan ya ce wa zai ɗebo ruwa, wa zai yi raino. Amma hukuma ce, ba a ce mata a'a. Sai suka yi shawara."

"Wace shawara?" Ni ce na tambaya. Bakina ba ya iya jira.

"Kowa ya ɓoye babbar, wadda ta isa, ya kai ƙaramar da hannunta ba zai kai kunne ba. An ce a kawo, an kawo. Malami ne da kansa zai ce a koma sai baɗi. Kafin baɗi kuwa suna sa ran hukuma ta manta."

Kawu ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Baba ba zai shiga wannan ba."

"A gidanmu wa ta isa shiga a shekarar? Ni ko Yaya?"

Yayar da take nufi Inna ce, wadda ke tsakaninsu, mai ɗinki a bakin layinmu. Ta girme wa Mama da shekara huɗu, ko rana ɗaya ba ta taɓa zama a aji ba. Ni kuwa, malama guda, na girma ban taɓa tambayar kaina dalilin da aka tsallake babba aka kai ƙarama ba.



"Ko haƙoran gaba ban zubar ba," in ji Mama. "Yadda Yaya ta ji labarin ban sani ba. Na dai san ta ja ni bayan gida ta ce, 'Ni sun ɓoye ni. Ke kuwa in kika bari aka koro ki, sai na cinye ki ɗanya.' Daga ranar kullum sai ta ɗaga ni ta rataye ni a reshen mangwaro, kamar shanya."

"Don me?"

"Wai hannuna ya ƙara tsawo."

Dariya ta ƙwace min. "Ya ƙara, Mama?"

"Ina fa. Kafaɗa ce kawai ta yi tsami, ko cokali ba na iya ɗagawa. Sai ta canja dabara. Ta koya min in noƙe wuya, in karkace kai kamar kazar da ke leƙen sama. Da haka saura kaɗan."

"Sai kuma?"

"Ana gobe za a je, Baba ya sa mahaifiyarmu ta yi min kitso mai tudu, aka tara gashin duka a tsakar kai. Kin ga ko hannun ya kusa, tudun nan zai tare shi. Da asuba Yaya ce mai yi min wanka. Ta tsefe kitson tas, ta jiƙa gashin, ta danne shi ya kwanta luf. Ta dunƙule tsumma ta ɗora a kai, ta ɗaure da ɗankwali. Wanda ya gani zai rantse tudun yana nan."

Kawu ya daina motsa ƙafa.

"Baba ne farkon layi, don yana so a sallame shi da wuri ya tafi aikinsa. Ga malami, ga jami'in ilimi a kujera. Malami ya ce in cire ɗankwali. Na cire. Tsumma ya faɗo a gaban takalmin Baba."

"Wayyo," na ce.

"Malamin nan Allah ya ji ƙansa. Ya dubi tsumma, ya dubi Baba, sai ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar yana neman inda yake yoyo. Ya ce in ɗora hannu. Na noƙe, na karkace, na miƙa har ina jin haƙarƙarina zai ɓalle. Kan ɗan yatsana ya shafi saman kunne. Shafa kawai. Malami ya ce, 'Ta kai.'"

 Na dubi hannun Mama da ke kan cinyarta, hannun da ya riƙe alli shekara da shekaru, na ji kamar in kama shi in sumbata.

"Jami'in ya miƙe ya kama hannun Baba yana girgizawa. Ya ce ga uba na gari, ga wanda za a yi koyi da shi. To me Baba zai ce? Ya amsa gaisuwa. Da muka dawo gida kuma Yaya ta amsa nata. Ban taɓa ganin ya daki wani haka ba, kafin ranar ko bayanta."



Kawu ya ce, "In haka ne, me ya sa bai cire ki ba?"

"An riga an yabe shi a gaban jama'a. Da farko kunya ce ta riƙe shi. Daga baya kuma so ne. Ranar da na karanta masa rubutun jikin kwalbar maganinsa, ya sa na maimaita, ya kira maƙwabci na sake maimaitawa. Daga nan ya zama mutumin da ka sani. Wannan Baban na gaskiya ne, Yaya, ba wanda zai ƙwace maka shi. Amma ba shi ya buɗe ƙofar ba."

"Sauran yaran fa? Ai ba ke kaɗai aka ɗauka ba."

"Nawa na sani. Ina ƙarama."

Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe. Fuskar nan kicin-kicin.

"Mutum yana kwance a kabarinsa, sai yanzu za ku tono shi."

"Ba wanda ya tono shi. Cewa na yi ba zan yi jawabi ba. Kai ka zo ka tambaya."

"Kwamiti ya gama magana. Mai fenti ya zana harufa da alli, gobe zai bi da fenti. To ba sai gobe ba. Yanzu zan je in tsaya a kansa ya shafa."

Ya fita. Labulen ma sai da ya ji a jikinsa.

Na juyo. "Mama, duk shekarun nan?"

"Innarki ta sa ni alkawari. Ta ce ranar da na faɗa, ba ni ba ita. Ga shi yau Yaya ya matsa min na karya."

"To ni ban yi wa kowa alkawari ba."

"Ke, dawo nan."

Ina? Na riga na zura takalmi, ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na Mama.

*

Shagon Inna ɗaki ne guda a bakin layi. Keken ɗinki na ƙafa, wanda ya girme ni, yana bakin taga. Igiya ta ratsa ɗakin, kayan makaranta shuɗɗa reras a kanta, daga na 'yan aji ɗaya masu kama da na 'yartsana har na 'yan aji shida. Duk yarinyar da ta shiga makarantarmu, Inna ce ta auna ta.

A kan tabarma matar Kawu ce zaune tana sa maɓallai. Iya muke ce mata. Ƙawar Inna ce tun suna yara, kullum la'asar tana nan. Mace ce da za ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba sai in ta yi atishawa.

"Lafiya kike haki kamar an biyo ki?" in ji Inna, ƙafarta ba ta bar taka keke ba.

Na durƙusa na gaishe su. Sannan na ce, "Inna, na ji labarin mangwaro."

Keken ya tsaya.

"Wane mangwaro?"

"Da tsumma."

Ta cire zaren da ke bakinta. "Bakin Auta ya tsufa, ya fara yoyo."

"Kawu ne ya matsa mata. Yanzu haka ya tafi makaranta zai sa a shafa fenti yau."

"To a shafa mana. Sunan ubana ne, ba na wani ba."

"Inna, ke ce fa."

"Ni ce me? Yarinta ce. Na rataye 'yar mutane a bishiya, Allah ya rufa asiri ba ta karye ba." Ta jawo wata riga ta saka a ƙarƙashin allura. "Tashi ki ba ni wuri, ina da ɗinkin mutane."

Raina ya ɓaci. Ni fa in raina ya ɓaci ba na iya tauna magana.

"Ba don ke nake yi ba, Inna. In kin ga dama ki ɓuya a bayan keken nan har abada. Don yarana nake yi. Kullum da safe za su ɗaga kai su karanta bangon nan. Ni ce zan tsaya in ce musu, ku gode, wani ne ya ga dama ya kawo ku. Alhali wadda ta yi abin yarinya ce kamarsu, ba ta da ko takalmi. Ina so su san yarinya ma tana iya buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa. In ba su ji daga gare ki ba, daga wa za su ji?"

Na tsaya ina jiran a ce min mara kunya.

Inna ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Iya.

Iya ta ƙarasa maɓallin da ke hannunta. Ta ciji zare. Ta ninke rigar ta ajiye a gefe, ta jawo mayafinta.

"Kin tabbata?" in ji Inna.

Iya ta gyaɗa kai.

Ban gane komai ba. Na dai ga tsofaffi biyu sun rufe shago tun rana ba ta faɗi ba, abin da ko rashin lafiya ba ya sa Inna ta yi.

*

Mun tarar 'yan darasin yamma sun tashi, wasu suna shara, wasu suna wasan igiya a fili. Sabon ginin yana ta ƙyalli, fari da shuɗi. Mai fenti yana saman tsani, gwangwani rataye a gefensa. A goshin ginin ga sunan kakanmu da alli, manyan harufa. Kawu yana ƙasa yana nuna masa da sanda. Mama ma ta riga mu isowa, tana tsaye a inuwa da takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya nawa.

A bakin ƙofar makaranta Inna ta ja ta tsaya.

"Mu je, Inna."

"Dakata."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Inna ta rako Mama nan, ta rako ni, ta rako 'ya'yana. Kayan ɗinki ma a nan take miƙa wa mai gadi. Ban taɓa ganinta a cikin harabar nan ba, ko sau ɗaya.

Ta gyara mayafi. Ta yi bismillah a hankali, ta ɗaga ƙafa ta shiga.

Yaran suka gan ta. "Inna mai ɗinki, Inna mai ɗinki." Suka yar da tsintsiya suka kewaye ta, wannan ta riƙe hannu, waccan ta riƙe gefen zane. Haka ta ratsa filin nan a tsakiyar rigunan da ta ɗinka da hannunta, kanta a sama. Ni da nake bayanta sai na ji na ƙara tsawo. Ban taɓa alfahari da jinina irin na wannan lokacin ba.

Kawu ya juyo. Ya ga Inna, ya ga matarsa, ya harare ni.

"Ke kika ɗebo su."

"Da ƙafarmu muka zo, Yaya," in ji Inna. Ta ɗaga kai. "Yaro, dakata da burushin nan tukuna."

Mai fenti ya dubi Kawu. Sannan ya dakata.

Kawu ya dubi Inna. "Kin zo ki karɓi ginin ne?"

"In kai shi ina? Shagona ma ya ishe ni shara."

"To me kike so? A goge sunan Baba a sa naki?"

"Ko an sa, iya karantawa zan yi?" Ta matso kusa da shi. "Yaya, Baba ubana ne kamar yadda yake ubanka. Dukan da ya yi min na yafe tun kafin hannunsa ya huce. Ni na yi jinyarsa, na fi ka sanin alherinsa. Ana saura kwana kaɗan ya rasu ya kama hannuna ya ce, 'Ke ya kamata in kai.' Wannan ya ishe ni. Ban zo neman komai a wurin kowa ba."

Mama ta rufe baki da mayafi. Ashe wannan ko ita ba ta sani ba.

Muryar Kawu ta sauka. "To me ya kawo ki?"

"'Yarka ce ta ce yaran nan za su riƙa karanta bangon kullum. In karatu za su yi, su karanta daidai. Auta ta ba ka rabin labari, don rabi ta sani. Ba ni kaɗai ba ce."

"Kamar yaya?"

"Kana tsammani hannun Auta ne kaɗai ya kai ranar? Duk wadda ta shiga ajin nan na farko, da yayarta a bayanta. Ungozomar asibiti da ta karɓi haihuwar 'ya'yanka. Malamar da ta koyar da lissafi a nan har ta rasu. Wadda take karanta labarai a rediyo da. Kowace da tsummanta ta zo. Mangwaron bayan gidanmu har layi ake yi masa."

Yaran suka fashe da dariya, ba su ma san kan zancen ba. Wata 'yar aji uku ta ce, "Inna, layin me?"

"Malamarku za ta gaya muku, bakinta ba ya gajiya."

Ta juya ga Kawu. "Yawancinmu sun riga mu gidan gaskiya. Ba wadda ta taɓa zama a benci. Mun yi shawara ƙannen su riƙa koya mana da yamma, to me 'yar shekara biyar za ta koyar? Sai mu zauna su yi ta rera mana waƙar ƙirga, mu yi barci. Amma ko ɗaya a cikinsu ba mu bari ta fasa zuwa ba. Mai kuka mu goya ta, mai zazzaɓi mu yi mata aikin gida. Mu muka riƙe ajin nan daga waje."

Kawu ya share gumi da hannun riga. "Yara ƙanana ku shirya wannan? Wa ya gaya muku shawarar manya? A shagon mai aski aka yi ta, ba mace a wurin."

"Ni dai ratayewa na iya," in ji Inna. "Wadda ta jiyo maganar, ta tara mu a bakin famfo, ta kawo wayon tsumma, daban take."

"Wace ce?"

Inna ta kau da kai.

"Na ce wace ce? In tana raye a kira ta, in ji daga bakinta."

"Ni ce, Malam."

Sai da na waiga don in tabbatar daga inda muryar ta fito. Iya ce. Tana tsaye inda take tun ɗazu, hannuwanta a cikin mayafi.

Kawu ya juyo ya dube ta.

"Ke?"

"Ka manta 'yar wa ka aura? Ina bayan ƙyaure ina wanke wa Babanmu kayan aski suka yi maganar. Ba wanda ya kula da ni." Ta ɗan yi murmushi. "Ba a cika kula da ni ba. Yana da amfani."

"Ungozomar..."

"Ƙanwata ce, ai ka sani. Hannunta ya fi na kowa gajarta. Ita sai da na ja mata kunnen ma, kullum, ko zai ɗan tashi sama."

Mama tana dariya tana hawaye a lokaci guda. Ni kam na daina ɓoye nawa.

"Shekara hamsin muna gida ɗaya," in ji Kawu. "Kina ji ina ba baƙi labarin Baba. Kina kawo musu ruwa. Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba, Malam. Kuma kana jin daɗin labarin. Na bar maka." Ta ɗaga kai ta dubi harufan allin da ba ta iya karantawa. "Amma baƙi daban, yaran nan daban."

 Yaran suka zuba wa Kawu ido. Ya dubi ƙanwarsa mai tabarau, ya dubi ƙanwarsa mai ɗinki, ya daɗe yana kallon matarsa kamar yau aka kawo masa ita.

Daga sama mai fenti ya yi gyaran murya.

"Shugaba, fenti yana bushewa a burushi. In shafa ne, ko in goge?"

"Sauko."

"Na'am?"

"Na ce sauko. Sunan ubana ne. Ba mai taɓa shi sai ni."

Mai fenti ya sauko da sauri. Kawu ya miƙa min sandarsa ba tare da ya dube ni ba. Mama ta ce, "Yaya, tsani ne fa," ya yi kamar bai ji ba. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya kama ƙarfen, ya hau mataki na farko, ya hau na biyu. Inna ta riƙe ƙafar tsanin ta dama. Iya ta zo ta riƙe ta hagu.

Da ya kai daidai harufan ya tsaya yana haki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sunan.

Mai fenti ya matso ƙasansa, burushi a hannun dama, jiƙaƙƙen soso a hagu. Ya ɗaga su duka biyun.

"Wanne zan miƙo, Shugaba?"

Kawu ya sunkuyo, ya miƙa hannu.